Tekun Agwagwa

Yana tsugune a bayan ofis, ya kafa mazurari a bakin jarka yana juye ruwan bokiti a hankali don kada ko ɗigo ya faɗi ƙasa, sai wayarsa ta hau ruri a aljihu. Bai ɗauka ba. Sai da bokitin ya ƙare tas, ya mayar da shi ƙarƙashin bututun na'urar sanyaya ɗakin manaja, inda ruwa ke ɗiga yini guda, sannan ya goge hannu a wando ya duba. Matarsa ce. Ita kuwa ba ta kiransa a wurin aiki sai da dalili.

Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce tankin gidansu ya ƙafe ƙarƙaf, tun bayan fitarsa famfo ya yi tari ya ɗauke, yanzu haka mata sun cika bakin ƙofa da bokitai babu komai a ciki, kuma sunansa kawai ake ambata. Ya ce ai ba zai yiwu ba, shekaranjiya tanka ta zo ta cika shi. Ta ce to ya zo ya gaya musu da bakinsa.

"Kuma ba wannan ne ya sa na kira ka ba," in ji ta, ta rage murya. "Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta tagarta. Ta ga kwamin ruwan da ke bayan ɗakinmu."

Ya tambaye ta ko ba ta shanya zannuwan gado a kan igiya ba kamar yadda ya ce. Ta ce ta shanya duk wanda suke da shi, har da labulen ɗaki, amma wanda ke hawa na uku daga sama yake kallo, zani kuma gefe yake tarewa. Shekararsa nawa a gidan nan, bai taɓa hawa can sama ya ga yadda ɗan filin bayan ɗakinsa yake a idon mutanen sama ba.

Gidan da suke haya bene ne mai hawa uku, su ne a ƙasa. Tun da zafin bana ya kankama famfon gari ya ɗauke, sai tankar ruwa ke zuwa jefi-jefi ta cika babban tankin da ke ɗore a kan hasumiyar ƙarfe a bakin ƙofa. 'Yan haya suka zauna suka yanke shawarar a yi wa makunnin tankin ɗan keji a sa kwaɗo, a riƙa buɗewa safe da yamma, kowa ya tara nasa, a rufe. Makullin shi aka danƙa wa, saboda a taron nan ya fi kowa ɗaga murya a kan ɓarna. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, yara da manya sai Mai Makulli.

Bawan Allah kuwa ya riƙi aikin da zafi, har ya wuce gona da iri. Shi ne ya ƙwace bindigar ruwa a hannun tagwayen hawa na uku, suna kuka uwarsu na kallo. Shi ne kuma ya kama direban tasi na hawa na biyu yana wanke mota da sassafe, ya kai ƙara wurin wakilin mai gida. Dokar mai gidan ba ta da kwana: wanda aka kama yana ɓarnar ruwa ya nemi wani gida. Direban ya tashi kuwa, da mata da yara da katifu a bayan a-kori-kura, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa Mai Makulli wani kallo da har yau bai manta ba.

To, mutumin da ya yi wannan shi ne yau yake da kwamin roba shuɗi, irin wanda ake hura wa iska, cike da ruwa a bayan ɗakinsa, a safiyar da tanki ya wayi gari babu ko ɗigo, makullin kuma yana aljihunsa.

Saboda 'yarsa ya yi. Ita kaɗai Allah ya ba su, shekararta bakwai, tun tana rarrafe in an neme ta an rasa to a duba wurin baho, shi ya sa ya sa mata Agwagwa. Hutun makaranta ya zo mata a tsakiyar zafi, wurin ninƙayar yara da ke filin wasa an rufe shi saboda ƙarancin ruwa, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya. Wata rana a kasuwa ta ga kwamin a rataye, ta tsaya ta kasa gaba. Ba ta roƙa ba, kallo kawai ta yi ta yi, shi kuma abin da ba ya iya jurewa ke nan. Ya saya, ya naɗe shi a jarida, ya shigo da shi gida kamar kayan sata. Ya yi mata alkawarin zai cika shi ba tare da ya taɓa ruwan kowa ba, ita ma ta yi masa alkawari biyu: ba za ta gaya wa kowa ba, kuma ba za ta shiga ba sai yana nan yana gani.

Shi akawu ne a wani kamfanin jigilar kaya, aikinsa jera takardun lodi da buga hatimi. Ya lura na'urorin sanyin ofis suna zubar da ruwa garau a ƙasa babu mai kula, sai ya nemo tsofaffin bokitai ya jera musu. Kullum da safe ya fita da jarka a cikin buhu, da yamma ya dawo da ita ta lungun baya, a lokacin da ya san mata sun shiga girki. Kunya yake ji a gan shi da riga mai guga yana dakon jarka, kuma ya fi jin kunyar a ce Mai Makulli ne ke tara ruwan wasa. Matarsa ta riƙa ɗiga maganin tsabtace ruwa a kowace jarka tana jera su a bayan ƙofar kicin. Agwagwa ma ta shiga aikin. Ta koma wanka da rabin bokiti, ragowar ta kai wa uwarta ta ce a ƙara a tekunta, sunan da ta sa wa kwamin ke nan. Yau ne ranar cika kwamin. An shirya uwar ta juye jarkokin da safe rana ta ɗan gasa ruwan, shi kuma ya dawo da ta ƙarshe.

"In zubar?" matar ta tambaya a wayar.

Ya ce ta dakata, yana zuwa.

Zuwan ne ya gagara. Manaja yana zaune a ɗakinsa mai sanyi kamar cikin firiji, ko ɗago kai bai yi ba ya ce motoci uku na jiran takardu, in an sallame su ya tafi duk inda zai tafi. Mai Makulli ya koma teburinsa ya hau buga hatimi. Ya buga wa takarda ɗaya hatimi a juye, ya sa wa wata kwanan watan jiya, direbobi suka tsaya a kansa suna tsaki. Lissafi ɗaya yake yi yana maimaitawa. Da safe da ya buɗe makunnin ya ga ruwan na zuwa siriri, ya ce iska ce a bututu, ya ce wa matarsa ta danna kwaɗon in an gama, ya ruga don kada bas ta wuce shi. Da ya tsaya ya buga jikin hasumiyar ya saurara, da ya sani tun da wuri. Da ya bari an gan shi da jarka ko sau ɗaya, da yau yana da shaida. Shi da kansa ya bi ya toshe duk wata kafa da wani zai ce ya gani.

Wajen tsakar rana matarsa ta sake kira. An buga wa wakilin mai gida waya, ya ce yana nan tafe da yamma, kuma ɗaki-ɗaki zai bi, zai fara daga ƙasa. Maman 'Yan Biyu tana bin hawa-hawa tana cewa ita da idonta ta ga inda ruwan gida ya tafi. Ya tambayi yarinyar. Ta ce tun safe ta sa gajeren wandonta da 'yar riga, tana zaune a bakin kwamin ta rungume gwiwa, ko yatsa ba ta tsoma ba, abinci ma a nan ta ci.

Da ya sallami motar ƙarshe ya zagaya baya ya tattara abin da ya taru a bokitai. Rabin jarka ne kawai, don bai kai lokacin da ya saba ba. Ya tsaya yana shawarar ya bar ta a nan, sai ya ga ba zai iya shiga gida hannu rabbana ba. Mai gadin ofis ya buɗe masa ƙofa yana dariya kamar kullum, ya ce a gaida shugaban hukumar ruwa, yau an tashi da wuri, ko madatsar ce ta fashe? Kullum yakan mayar masa da raha. Yau ya wuce shi kamar bai ji ba, buhun ma ya manta da shi a kan teburi.

Bas ta zo a cike. Ya samu ya matsu a kujerar baya, kwandasta ya ce ya ɗora jarkar a cinya, wurin ƙafa na mutane ne. Ƙarfen motar kamar an ciro shi daga wuta, gumi na bin bayansa, murfin jarkar kuma ba ya rufuwa sosai, duk ramin da aka faɗa sai ruwa ya ɗan fantsalo. Wata dattijuwa da ke gefensa ta ce, ɗana, in wanka za ka yi mini ka bari in kawo sabulu. Mutane suka yi dariya. Ya ba ta haƙuri, ya danne murfin da tafin hannu.

Suka shiga cunkoso suka tsaya cik. Ta taga yake kallon gidaje, yana tambayar kansa wanne ne zai karɓe su a tsakiyar zafin nan, da wane bakin zai ce an kore shi saboda satar ruwa. Makarantar yarinyar tana bayan layinsu, da ƙafa take zuwa. Shagon ɗinkin da matarsa ke karɓo aiki yana kan kwana. Ya ga katifarsu a bayan a-kori-kura, ya ga mutanen gida a jere a baranda suna kallo, babu mai cewa Allah ya kiyaye hanya, don shi ma bai ce wa direban tasi ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ce a ransa ruwa ne fa kawai. In wakili ya shiga ya tarar da roba a naɗe, maganar mace ɗaya ce daga taga, za a iya cewa shuɗin zani ta gani. Yarinya kuma yarinya ce, za ta yi kuka ta manta.

Ya zaro waya da hannu ɗaya ya kira matarsa. Tana ɗauka bai jira ta yi magana ba.

"Ki zubar. Ki cire toshiyar ki zubar duka, ki naɗe robar ki tura ƙarƙashin gado."

"Baban Agwagwa, ka san abin da kake cewa?"

"Na ce ki zubar. Kwamin banza ne zai raba mu da gida?"

Ya kashe. Ya ji wani ɗan sauƙi, har ya jingina kai da kujerar gaba. Sauƙin bai kai ko'ina ba. Motar na motsawa ya tuna inda ruwan bayan ɗakinsu ke bi. Babu wata hanya sai buɗaɗɗiyar kwatar da ta zagaya gefen gini ta ratsa ta gaban hasumiyar ta fita ta ƙarƙashin babbar ƙofa, daidai inda matan gida ke zaune da bokitansu. Kwatar da ta yi wata da watanni a bushe, har ƙadangaru na shan rana a ciki. Ruwan kwami guda zai biyo ta yana gudu a gaban idon kowa. Wanda bai gani ta taga ba ma yanzu zai gani da ƙafarsa.

Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, ya sake, wayar na ta ruri a can babu mai kula ta. Dattijuwar ta dube shi ta tambaya ko rasuwa aka yi. Ya girgiza kai. Da ya ga motar ta sake tsayawa ya sauka tun kafin tasharsu, ya saɓa jarkar a kafaɗa ya kama sauri, ruwa na bin wuyan rigarsa. Lungun baya ma bai tuna da shi ba, ta babban titi ya miƙe.

Daga nesa idonsa na kan ƙasan ƙofar gida. Ƙasa a bushe take. Ya shiga, kwata a bushe, ga bokitai a jere a gindin hasumiya amma babu mace ko ɗaya. Motar wakili tana fake a inuwa. Sai ya jiyo hayaniya daga wajen ɗakinsa, ihun yara da ƙarar ruwa, ya ga ƙofarsa a wangale, takalma sun cika bakinta har waje.

Ya ratsa falonsa da ƙyar. Duk matan gidan suna ciki, wasu a kicin, wasu sun cika ƙofar baya. An sauke zannuwan gadon an tara a kan kujera. A cikin kwamin kuwa yaran gidan ne kaf, manya da ƙanana, suna tsalle suna watsa wa juna ruwa, tagwayen hawa na uku a tsakiya sun fi kowa ihu. Ruwan da aka tara garau ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wakili yana tsaye a gefe yana goge wuya da hankici, ƙafar wandonsa a jiƙe.

Matarsa ta tare shi a bakin kicin, ta gaya masa a gurguje, ba ta ko kalle shi ba. Har ta sa hannu a kan toshiyar ta tuna da kwata. Ta zauna ta rasa abin yi, sai ta ga abin da aka riga aka gani ba ya ɓoyuwa. Ta hau sama ta bi ƙofa-ƙofa tana ƙwanƙwasawa, tana cewa a turo yara su sha iska, zafin ya yi yawa. Kafin iyaye su buɗe baki yara sun riga sun sauko a guje. Iyayen suka biyo su da niyyar faɗa, suka tarar da 'ya'yansu tsamo-tsamo suna dariyar da rabon da a ji ta tun farkon hutu.

Wakili ya yafito shi. Mutum ne mai sanyin magana, kuma sanyin nasa ya fi faɗa ban tsoro. Ya tambayi inda ruwan nan ya fito. Mai Makulli ya sauke jarkar a gabansa ya fara bayani, harshe na sarƙewa: ofis, na'urorin sanyi, bokitai, bas. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke kama da ƙarya. Wata daga baya ta ce ita dai ba ta taɓa ganinsa da jarka ba sai yau. Wata ta ce to da ma ta ina za a gan shi, mai bin lungu.

"Za ka iya rantsewa babu ko ɗigon tanki a ciki?" wakili ya tambaya.

Ya ce ba zai iya ba. Akwai ragowar ruwan wankan yarinyarsa a ciki, daga rabonsu take ragewa kullum ta kawo.

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wakili ya juya ya dubi matan, ya ce shi kiransa aka yi aka ce an kama ɓarawon ruwa, to wacece mai ƙara, ta fito ta maimaita a gaban mutumin, shi kuma ya kai wa mai gida. Idanu suka koma kan Maman 'Yan Biyu. Matar da ba ta da birki a baki, yau ta tsaya tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ɗago kai daga ruwa ya ce Mama ki kalle ni, ya sake nutsewa. Ta ce ita dai abin da ta gani ta faɗa, ba ta ce ta ga yana buɗe tanki ba.

Wakili ya ninke hankicinsa. Ya ce da zai shigo ya lura bangon da ke bayan hasumiyar ya yi damshi har ya fara kore, ga alama bututu ne ya fashe a ƙasa, sai mai gyaran famfo ya tona za a sani. Kafin nan ba zai kai wa mai gida sunan kowa ba. Amma makulli a ba shi ya riƙe. Tanka kuma ya riga ya kira, sun ce layi ya yi tsawo, sai bayan hutun ƙarshen mako.

Mai Makulli ya zaro makullin ya miƙa da hannu biyu. Ba za a tashe su daga gidan ba. Daɗin da ya ji ya sa har yana so ya rungume kowa, har da wadda ta ce masa mai bin lungu.

Maganar tankar ce ta sauya fuskokin matan. Kowace ta fara lissafin banɗakinta da kwanukanta. Maman 'Yan Biyu ta yi gyaran murya, a karo na farko ta dube shi ido cikin ido, ta tambaya cikin ladabin da bai san tana da shi ba, in yara sun gama, me za a yi da ruwan? Ko na zuba wa banɗaki ne a taimaka musu, sama babu ko kofi.

"Ku ɗiba," ya ce da sauri. "Haba, ai na kowa ne. Ku ɗiba yanzu ma, ku kwashe duka."

Matarsa ta kira shi a hankali, bai ji ba. Shi ne ma ya fita ya kwaso musu bokitan daga gindin hasumiya. Aka tsamo yara suna turjewa, aka hau ɗiba. Shi ke cikawa yana miƙawa, yana ce wa wannan ta kawo babba, yana ce wa waccan ta dawo ta ƙara. Da ruwan ya yi ƙasa ya ɗaga gefe ɗaya na kwamin don ya taru, aka kwashe da kofi. Mata na fita suna sa masa albarka, wasu har suna cewa da ma sun san ba halinsa ba ne. Wakili ya yi sallama ya tafi. Takalma suka ragu a bakin ƙofa har suka ƙare.

Sai da ya juyo yana murmushi, yana shirin ce wa matarsa Allah ya rufa asiri, ya ga yarinyar. Tana zaune a kan dakalin ƙofar kicin, a bayan inda matan suka tsaya, ta rungume gwiwa. Gajeren wandonta a bushe, 'yar rigarta a bushe, gashinta ko ɗigo babu.

Ya dubi matar. Ta ce ta yi ta fama da ita ta shiga tare da sauran, ta ƙi, ta ce ta yi alkawari sai Baba ya dawo. Da ya dawo kuma ta tashi tsaye tana jira ya waiwayo. Matar ta ɗauki zannuwan gadonta ta shige ɗaki, ta bar su.

Ya je ya tsuguna a gabanta. Kwamin yana bayansa, ya lanƙwashe gefe guda, babu komai a ciki sai yashi da sawun ƙafafu. Ya kira ta da sunan da ya sa mata, ba ta amsa ba. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi masa sauƙi.

"Baba, kai ne ka ce a zubar?"

Ya ce wa ya gaya mata. Ta ce hannun Mama da kumfa lokacin, ita ce ta danna mata wayar ta riƙe, kuma ta ji ya ce kwamin banza.

Ya ce e, shi ya faɗa, tsoro ne ya kama shi. Ya ce za su sake tarawa, wannan karon ba zai daɗe ba, zai ƙara bokitai. Ta dube shi kawai. Sai ya tuna da jarkar da ya bari a inda wakili ya tsaya, Allah ya sa babu wadda ta ɗauka. Ya jawo jarkar da murna, ya ce ga wannan, mai tsabta ce, babu wanda ya taɓa, bari ya wanke kwamin ya zuba mata, ko idon sawu ya kai ai ta shiga, ga shi yana nan yana gani. Ya fara kwance murfin.

Ta sauko daga dakalin ta ɗora hannu a kan nasa. Ta ce kada ya zuba, a bar shi a jarka. Ta mayar da murfin da kanta, ta murɗa iya ƙarfinta, ta kama hannun jarkar da hannu biyu ta fara ja da baya-baya zuwa cikin gida. Rabi ce, amma ta fi ƙarfinta, tana ja tana hutawa. Ya miƙe ya ce ta kawo ya ɗaukar mata, ta faɗi inda take so a ajiye.

"A'a. Ka juya baya."

Ya tambaye ta dalili.

"In ka san inda yake, bayarwa za ka yi."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Ta jira. Da ya ga da gaske take, ya juya ya fuskanci bango, yana jin jarkar na gurzar siminti a hankali, ta tsaya, ta ci gaba, har ta shige can ciki.